Tasar Inna a Hannun Yaya Mamman

Ku da kuka san yayana Mamman, maƙerin farfaru na Kankara, mai aikin tagulla da azurfa, kun san ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale. Ko cokali ne sai ya hura mishi huci, "haaa", ya goge da hannun riga. Ranar sunan autana, zoben liman ya cafke ana tsakiyar gaisawa!

Shi a wurinshi gugar ƙarfe hawa uku ce. Ta toka da tsamiya, wanka ce kawai. In ƙarfe ya kama rana, an zo sheƙi. Ta ƙarshe kuwa, sai mace ta dubi fuskarta a ciki, ta sa kwalli ba ta tsokane ido ba.

Da malamin gona ya zo da sabon keke, Yaya ya tsuguna gaban ƙararrawar har rana ta take. Na ce, "Yau dai Turawa sun fi ka."

Ya ce, "Leƙa ki gani, hancina ya koma gwanda. Sheƙi ne, amma maƙaryaci!"

To, da za a kai ɗiyata Hajara ɗakinta a Damari, na ba shi tasar tagulla da marigayiya innarmu ta bari, ita za ta hau saman jere. Na ce, "Wanka kawai, Yaya." Kwana tara! Kullum ina tsaye a kanshi ina kallo: yashin rafi, sai garin gawayi, sai fatar akuya, daga ƙarshe tafin hannunshi tsura.

Ranar tafiya an ɗora kaya bisa jakuna, dangin ango na ta tsaki, Yaya na guga.

"Ba ni tasata, ko kai ma in ɗora ka bisa jaki!"

Ya ce, "Akwai sauran zane a jikinta."

"Ina?"

"Ba kya gani. Ni ina gani."

"Haba Yaya, yarinya ta shiga ɗaki ba tasar kakarta?"

Sai ya miƙo mini tandun kwalli. "Sa mu gani."

Ni da ko dariya ba na yi a gaban surukai, na duƙa kan tasa. Na ɗaga hannu ke nan sai na tsaya cak. Inna ce ke kallona daga ciki, har da ɗaure fuskar. Rabona da madubin kirki na manta, ashe na koma ita.

Ya ce, "Mi kika gani?"

Na ce, "Inna."

"To, ta yi."

Ya miƙo tasar, na kai hannu, ya janye. Ya ƙara mata huci ɗaya, sannan ya saki.

Tasar na nan wurin jikata, ban yarda kowa ya sa mata yashi ba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka makwancinka fiye da yadda ka haskaka ta.