Ƙashin da muka tono a rijiyar Tchaké

Ban taɓa mantawa da ranar da guga ya fito mana da ƙashi ba, a wani ƙauye kusa da Tchaké. Lokacin ni ne shef, wato shugaba, na masu ginin rijiya. Ku sababbi ku gane: ana haƙa ne ana zuba siminti gaɓa-gaɓa, wurin da ba a zuba ba kuwa, ruwan sama ɗaya ya isa ya rufta shi. Ga bazara ta yi nisa, kullum hadari na leƙe daga gabas.

Mun wuce mita arba'in, dutse ya fara danshi, sai Illa mai haƙa ya aiko da abin sama. Gaɓar ƙashin baya ce, ta zama dutse, girmanta kamar akushi. Mutanen gari ne ke jan igiya, don haka babu zancen ɓoyewa, ko da yake wallahi raina ya raya mini.

Liman ya zo ya duba, ya ce, "Rijiyar da ta ci kabari ba a shan ruwanta. A cike ta."

Wata huɗu muna wahala! Matan garin kuwa sai sun kai hantsi a hanyar ɗebo ruwa. Na kira ofis a Mayahi, anjiniyer ya ce ai dutsen nan ya girmi ɗan Adam nesa ba kusa ba, ƙashin dinozor ne, wasu manyan dabbobi da suka ƙare tuntuni. Na je na faɗa wa liman haka, da zafin kai, har da Faransanci. Ya ce, "Shef, kai gobe za ka hau mota. Mu za mu sha." Kunya ta kama ni.

Kwana uku aiki a tsaye. Ban iya zama ba, sai kai da kawo nake ina kallon gabas.

Rana ta huɗu Sarkin Fawa ya dawo daga cin kasuwa. A gaban liman ya ɗaga ƙashin da ƙyar, ya jujjuya, ya sa yatsa a ramin tsakiya.

"Allah gafarta malam, na tsufa ina saran ƙashi. Ba na sa ba ne, ba na raƙumi ba. In na mutum ne, to mutumin nan ba zai shiga masallacinka ba ko da rarrafe."

Liman ya ce, "Ka tabbata?"

"In ruwa ya fito, ni zan fara sha."

Liman ya yarda, da la'asar Illa ya koma rami. Muka zuba siminti kafin ruwan farko, ƙashin kuma muka naɗe a buhu muka kai ofis. Sarkin Fawa ya cika alkawari, ƙwarya guda ya shanye a gaban kowa.

To yara, in kun isa gari, ku fara tambayar wa ya san me. Ni ina da gaskiya, amma ba a bakina za su karɓe ta ba, kuma saura ƙiris girman kaina ya cike musu rijiya.