Kalmar da Ta Jawo wa Baba Kati

Mahaifina mai gyaran firiji ne, amma in ka shigo layinmu kana tambayar mai gyaran firiji sai an tsaya tunani. Ka ce Gola kawai, har mai kayan miya ta bakin titi za ta nuna maka shagon. Ɗan ƙaramin shago ne, tsofaffin firiji sun jeru a ƙofarsa kamar masu jiran likita, ciki kuwa tukunyar gas ce da kawunan fanka da wayoyi a rataye. A bango akwai hoto ɗaya da ya koɗe: samari cikin rigunan ƙwallo, shi a tsakiya durƙushe, hannunsa cikin safar da asalinta ta masu walda ce.

Tun yana saurayi yake tsare wa ƙungiyar unguwa raga, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Bai ci wani babban kofi ba, an kuma sha zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, da bakinsa yake ba da labarin. Taƙamarsa ɗaya ce a duniya: alƙalin wasa bai taɓa ɗaga masa kati ba.

"Ba ja, ba rawaya," haka yake cewa. "Ku je ku tambaya..."

"...in alƙalan suna da rai," sai Umma ta ƙarasa masa, don duk gidan mun haddace.

Abin mamakin shi ne Baba mutum ne mai baki. A raga ba ya shiru, a shago ba ya shiru, kuma yabonsa mafi girma kalma ɗaya ce, shege. Ɗan wasa ya yanke mutum uku ya wuce, shege. Injin firiji ya tashi bayan kowa ya fid da rai, shege. Ranar da na kawo sakamakon makarantar koyon jinya, ya kalli takardar ya ce, "Shegiya Auta!" idonsa cike da ƙwalla, ni kuwa na ji kamar an ba ni duniya. Wanda ya ɓata masa rai ba ya samun wannan kalma. Shi sai dai Baba ya dube shi ya ce, "To, bawan Allah." In ka ji haka, ka san ta ɓaci.

Yayana, babban ɗansa, yana tuƙa injin ɗaga kaya a wata tashar jiragen ruwa mai nisa. Suna son juna, amma waya tana kashe musu baki. "Kana lafiya? Ya aiki? To, ga ummanka." Hirar ke nan. Da Yaya ya zo hutu sai ya taho da na'urar gem, ya jona ta da talabijin ɗin falo da intanet, ya ce ƙungiyarsu ta ƙwallo ba ta da gola. A wannan gem ɗin kowane ɗan wasa mutum ne da ke zaune a ɗakinsa, wani a nan, wani a wata uwa duniya, kuma ba mai son tsaron raga, kowa so yake ya ci ƙwallo.

"Ni da furfurata zan zauna wasan yara?" in ji Baba.

Bai yi mako ba muka same shi a falo ya riƙe rimot kamar filaya, harshe a waje, yana koyon yadda ake faɗuwa hagu da dama. Yatsunsa sun yi kauri, maɓallan ƙanana, amma idon gola bai tsufa ba. Daga nan duk Asabar da Lahadi in an yi la'asar sai ya ja ƙofar shago, ya ɗaura abin kunne mai makirfo, ya zauna a kujerar roba dab da talabijin. Yaya, da ya riga ya koma wurin aikinsa, ɗan baya ne a gem ɗin, a gabansa yake tsayuwa. A nan bakinsu ya buɗe. "Koma baya! Rufe hagu! Kai, tarin nan ya sake ka kuwa?" Tsakanin bugun kwana da bugun gida suka yi hirar da waya ta kasa ɗauka. A nan Yaya ya fara gaya masa maganar yarinyar da yake so, mu sai daga baya muka ji.

Gem ɗin yana da nasa alƙalancin. In an tashi wasa sai allo ya jero sunayen kowa, ka zaɓa: ka yaba wa mutum, ko ka kai ƙararsa. Kowane suna yana da zobe kewaye da shi. Kore na mutanen kirki ne, rawaya gargaɗi ne. In ya zama ja kuwa an toshe maka makirfo, kuma ba za a ƙara haɗa ka wasa da kowa ba sai irinka masu zage-zage da masu ficewa in an ci su. Ƙungiyar masu kore ba ta iya sa mai ja a fili. Zoben Baba kore ne shar. Ba ya fita daga wasa ko an yi musu ruwan ƙwallaye, kuma in an tashi sai ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya yana danna yabo, har na abokan hamayya. Mutanen da bai san ƙasarsu ba suka riƙa turo saƙo suna roƙon ya tsare musu raga. Yakan sa ni in karanta masa, ya saurara yana shafa gemu, ya ce in ba su haƙuri, yana da ƙungiya.

Wata Lahadi aka haɗa su da wasu 'yan wata ƙasa da ba mu ko gane yarensu ba. Ɗan gabansu, mai lamba tara, ya hana kowa sakat. Can aka ba su fenareti, kuma a lokacin fenareti gem ɗin yana buɗe makirfo ɓangarorin biyu su ji juna. Lamba Tara ya taho da gudu kamar zai fasa raga, Baba ya yi tsalle dama, shi kuwa ya ɗan ɗaga ƙwallon a hankali ta tsakiya, ta shiga tana rangwaɗa. Baba ya ajiye rimot ya tafa.

"Shege! Kai, shegen yaro! Wa ya haife ka?"

Da aka tashi ya danna masa yabo, ya shiga ciki yana ba Umma labari baki har kunne.

Washegari zoben ya koma rawaya. Ni na karanta masa saƙon. An kai ƙararsa da laifin zagin iyaye, kuma ba Lamba Tara kaɗai ba, duk ƙungiyarsu ta yi masa ca. An haɗo muryarsa da fassarar da na'ura ta yi mata: ɗan da aka haifa ba aure, sannan tambayar wa ya haife shi. In aka ƙara kawo ƙara, zobe zai zama ja.

Baba ya ce in sake kunna muryar. Ya ji kansa yana dariya yana tafi.

"Ni? Ni na zagi uwar mutum?"

Ranar ko abinci bai taɓa ba. Na sha ganin Baba cikin fushi, amma ban taɓa ganinsa cikin kunya ba sai ranar, kuma abin ya yi mini ciwo. Na rubuta wa masu gem ɗin bayani, amsa ta dawo a gajarce: kalmar tana cikin kalmomin zagi, ba mai janye ƙara sai wanda ya kawo ta. Yaya ya ce a buɗe masa sabon akawun da sabon suna, zobe ya fara daga farko, ba wanda zai sani.

"Ni zan sani," in ji Baba. "Da sunan nan na shiga, da shi za a kore ni in korar ce."

Umma ta ce to ya kashe makirfon mana, tunda bakin ne ba ya jin magana. Ya gwada. Gola shiru, 'yan baya suka rasa mai tsawata musu, aka yi ta ɗura musu ƙwallo, kuma daga farkon wasa har ƙarshe bai ji yadda tarin Yaya yake ba. Sai ya kunna, ya ce zai canza kalma. Ya koma "madalla", amma yadda yake fitar da ita kamar mai karɓar ta'aziyya. Ranar da Yaya ya cire wata ƙwallo daga bakin raga, Baba ya buɗe baki, ya tuna, ya rasa ta cewa, sai ya ce, "To, bawan Allah." Ana tashi Yaya ya kira Umma hankali tashe yana tambayar laifin da ya yi.

Dariya muka yi, amma kowa ya san inda abin ya dosa. In bakin ya suɓuce sau ɗaya aka kai ƙara, an raba shi da ƙungiya, shi da Yaya sun koma "ga ummanka".

Wata safiya ya ce, "Auta, nemo mini yaron nan."

Na ce ai saƙon murya kawai za a iya tura masa, ni kuma in rubuta fassarar da Turanci a ƙasa. Ya ce to. Ya shiga ya yi wanka, ya sa kayansa na fita da hula, har da turare.

"Malam, ba fa ganinka zai yi ba," in ji Umma.

"Ni ina ganin kaina."

Ya zauna ya gyara murya. Na ɗauka zai ce na'ura ta yi masa ƙarya, amma ba haka ya ce ba.

"Yaro, ni ne golan da ka ɗaga wa ƙwallo. Kalmar da na faɗa zagi ce, na'ura ba ta yi ƙarya ba. Sai dai mu, in abu ya fi ƙarfin yabo, da ita muke yabawa. Da ita nake yaba wa 'ya'yan cikina. Amma kai ba ka sani ba, ka ji zafi, kuma da ni ne aka taɓa mini uwa da na yi abin da ka yi. Ka yi haƙuri. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce wani tsoho ya ce ta haifi ɗa. Ƙara kuma, ka janye ko ka bari, ban turo don ita ba."

Ina cikin rubuta fassarar sai na tsaya. Na tambaye shi ko in cire maganar ƙarshe, tunda janyewar muke nema. Ya harare ni, na bar ta.

Shiru, ba amsa. Umma ta ce yaron ya yi kunnen uwar shegu, sannan ta rufe baki ta ce a yafe mata, kada ita ma a kai ƙararta. Baba ya ci gaba da wasa da zobensa rawaya, kowa yana gani. Saƙonnin masu neman gola suka ɗauke. Bai fasa danna wa kowa yabo ba, in kuma kalmar ta taso sai ka ji, "She... shekara lafiya!" har 'yan ƙungiyarsu suka ɗauka suna faɗa.

Ana nan wata Asabar gem ya sake haɗa su da su Lamba Tara. Ina falo, Umma tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Wasa ya yi zafi, ba wanda ya ci, sai dab da tashi Yaya da kansa ya kwashe ƙafar Lamba Tara a cikin da'ira. Fenareti. Makirfo ya buɗe. Baba ya cije leɓe har na ga jijiyar wuyansa.

Lamba Tara ya taho da gudu kamar wancan karon. Baba ya ɗan karkata dama, amma bai tafi ba. Ƙwallo ta taso a hankali ta tsakiya, ta faɗo masa a ƙirji, ya rungume ta.

Sai wata baƙuwar murya ta fito ta abin kunnen, da ƙarfi har muna ji daga inda muke, tana jan kalmar ta inda ba a ja:

"Shiii-gee! Shigee, Gola!"

Baba ya saki rimot. Ya yi dariya har ya kama gwiwa, hawaye yana bin gemunsa. Muna jin Yaya can yana ihu.

"Baba, wallahi kai she..."

"Kul! Kai kam sai na kai ƙararka."

Da aka tashi allo ya jero sunaye. Umma ta matso ta nuna lamba tara da tsintsiya.

"To Malam, ga shi ya zage ka a gaban iyalinka. Sai ka rama."

"Wannan? Ai yaron ya fara jin Hausa," in ji Baba, ya danna masa yabo.

Kafin mako ya zagayo Lamba Tara ya janye ƙarar, shi da abokansa duka, zobe ya koma kore. Baba ya sa na ɗauki hoton allon da waya, ya kai aka wanke, ya rataye shi a shago kusa da tsohon hoton nan da ya koɗe. Masu kawo gyara sukan tambaya ko mene ne wannan, shi kuwa abin da yake jira ke nan, sai ya ajiye filaya. Taƙamar ta canza yanzu, kuma wannan Umma ba ta ƙarasa masa, barinsa take ya faɗi abinsa har ƙarshe.

"Kati ɗaya aka taɓa ba ni a duniya," yake cewa. "Shi ma wanda ya ba ni, da kansa ya dawo ya karɓi abinsa."