Maganar da Na Ƙi Sa wa Sahabi a Baki

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Sahabi makwancinsa a Gummi. Na ce bakwai, amma bari in gyara: a lissafin watan Musulunci an ɗara haka da wata biyu da 'yan kwanaki. Ba na son wanda ya halarci jana'izar ya karanta ya ce Ummaru ya fara da kuskure.

Ga wanda bai san shi ba, Sahabi direba ne. Ya daɗe yana jigilar fasinja tsakanin Gummi da Anka. Ni kuwa yadi nake sayarwa, ina bin kasuwanni, don haka rabin rayuwata a kujerar gaban motarsa na yi ta. Mutane suna tuna shi da kyauta da raha, kuma gaskiyarsu. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake yi da sabon kaset.

Da zarar wani mawaƙi ya fitar da sabon albam, Sahabi zai saya a wurin mai kaset na tasha, ya yage ledar da haƙori, ya zura a rediyon mota. Dokarsa ɗaya ce: ba mai tofa komai a kan waƙa sai an wuce wajen Bukkuyum. Daga nan sai ya rage sauti, ya gyara madubi, ya fara bin kujeru ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ya faɗi ra'ayinsa, daga Alhaji mai babbar riga har Bafulatanar da ta ɗauko nono. Kuma ba ya karɓar "ba laifi". In ka ce haka sai ya ce, "Ba laifi ai sunan kunun marar lafiya na. Ta yi, ko ba ta yi ba?"

Ina tuna wata tsohuwa mai kwandon daddawa da ya tambaya. Ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, yaron murya gare shi, amma mai kiɗan nasa kamar wanda aka sa korar tsuntsaye a gonar gero." Sai da Sahabi ya sauka gefen hanya ya tsaya don dariya. Akwai kuma wani baƙo mai aikin zinariya da ya tsaya kai da fata yana kare wani albam da duk motar ta ƙi. Har muka shiga Anka suna musu. A tasha Sahabi ya saya masa shayi da burodi don kawai a ƙarasa gardamar, ya kuma ba shi kaset ɗin kyauta, ya ce ai ya fi kowa cancantarsa.

Mutum ɗaya ne Sahabi bai taɓa samun magana daga bakinsa ba, wato ni. Tsoro nake ji. Mawaƙin nan ba ya cikin motar, ya sha wahala kafin ya yi aikinsa, yana da uwa, wataƙila yana da 'ya'ya. In na ce waƙarsa ba ta yi ba, ban ci namansa ba? Har wurin wani malami na kai tambayar. Ya ce mini faɗin aibin aiki daban, zagin mai aikin daban, matuƙar gaskiya na faɗa ba da ƙeta ba. Na yi godiya na taso, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sahabi yakan dube ni ya girgiza kai ya ce, "Ummaru, kai ka hi kowa kunne a motar ga, kuma ka hi kowa rowa." Haka muka yi ta tafiya daga zamanin kaset zuwa zamanin memori, har ciwon da ya kwantar da shi ya zo.

Yau abin ya canza. Na shiga mota kwanan baya, mu goma sha wani abu, kowa da abin sauraro toshe a kunne, kowa da tasa waƙar. 'Yata takan nuna mini abin da ake rubutawa a waya idan sabon albam ya fito. Kafin a ce an gama jin waƙar farko, wasu sun ce ba a taɓa yin kamarsa ba, wasu sun zagi mawaƙin har iyayensa. Nakan tambayi kaina yadda Sahabi zai ɗauki wannan zamani. Wani lokaci in ga kamar zai yi baƙin ciki, wani lokaci in ga kamar shi ne zai fi kowa yawan magana a wayar. Ban sani ba. Kuma a bana ne rashin sanin nan ya zame mini jarrabawa.

Babban ɗansa, Lauwali, ya yi aikin zinariya a wajen Bagega na ɗan lokaci, ya baro, yanzu yana gyaran waya a Anka, da matarsa da 'yarsa. Ashe duk shekarun nan yana rera waƙa. Ya je Gusau ya haɗa albam mai waƙa bakwai, aka fara tura wa mutane a kasuwa. Sai ga shi a rumfata da memori a hannu.

"Baffa, abokaina duk sun ce ya yi, amma su ko tari na yi za su ce ya yi. Kai ka zauna kusa da Baba. Ka saurara, ka gaya mini abin da zai ce. In ka ce zai ce ban iya ba, wallahi in bar waƙa har abada."

Na ce masa ya daina rantsuwa. Ya ce ya riga ya yi.

Kwana biyar na yi ina saurare, kowace waƙa sau uku, don kada in zalunce ta. Ga abin da na ji. Biyar daga ciki an bi da muryarsa ta cikin na'urar nan mai gyara murya, har ban gane ɗan yayana ba, sai ka ce sauro ya shiga gwangwani. Ɗaya kuwa rabinta jerin sunayen abokansa ne. Amma ta huɗu daban take. Kalangu ne kawai da muryarsa yadda Allah ya yi ta, yana waƙar mai noman da ya ga gero ya nuna bayan damina mai wuya. Na tsinci kaina ina rera ta ina awon atamfa, har mai saye ta ce, "Malam Ummaru, yau kuma biki ake?"

Nan hankalina ya tashi. In na ce masa Baba zai ce duka ya yi, zai ji daɗi, amma na yi wa mamaci ƙarya. In na ɗauki zafin maganata na ce ta Sahabi ce, na ɓuya a bayan wanda ba zai iya tashi ya musa ba, kuma yaron zai bar abin da yake da baiwarsa. Abinci ya daina shiga mini. Matata Hajara ta dube ni ta ce, "Yanzu a kan waƙa kake ramewa? Kai ba ka da baki ne sai na marigayi?"

Ranar da Lauwali ya dawo, bayan la'asar ne, na shimfiɗa masa tabarma a cikin rumfa.

"To Baffa, mi Baba zai ce?"

"Ban sani ba, Lauwali. Mahaifinka bai ji albam ɗin ga ba, kuma ba ni sa mishi magana a baki. Rantsuwarka a kan maganarsa ka yi ta, maganarsa kuwa ba mai kawo maka ita. Amma in kana son tawa, akwai."

Ya zaro ido. "Taka? Baffa, kai da ko shayi aka tambaye ka sai ka ce ba laifi?"

Na faɗa masa duka. Na faɗi ta huɗu da yadda ta bi ni har wurin awo. Na faɗi jerin sunayen. Da na zo kan sauro da gwangwani sai na ji kamar in haɗiye, amma ta riga ta fita. Har na fara shirin ba shi haƙuri. Sai ya kwashe da dariya, irin wadda har maƙwabcina mai takalma ya leƙo.

"Sauro! Ni da na sha gardama da mai sutudiyo kan ya ƙara mini na'urar!" Ya share hawaye ya ce, "Amma ta huɗun, tsakaninka da Allah ta yi?"

"Ta yi."

"To shi ke nan. Ita kaɗai ce na yi don kaina."

Bai bar waƙa ba. Ya koma Gusau ya sa aka sauke na'urar daga waƙa uku, sauran ya ce a bar su su zama darasi.

Da na zauna ina auna abin da ya rage na Sahabi, sai na ga ba motar ba ce, don an daɗe da sayar da ita, ba kuma kwalin kaset ɗinsa da zafi ya narkar ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka saba a tambaye su ra'ayinsu da gaske, su kuma faɗa ba da cin mutunci ba. Ɗansa ya gaji jure jin gaskiya. Ni kuma, a makare, na samu ɗan rabona. Allah ya jiƙan Sahabi, ya yafe masa kurakuransa, ya sa in na faɗi wani abu ba daidai ba a nan a yafe mini.

Makon jiya Lauwali ya turo mini sabuwar waƙa. Na saurara, na kira shi na ce amshin ya yi tsawo, ya rage. Ya ce to. Na ajiye wayar na zauna ina jiran zuciyata ta fara damuna. Har aka kira magariba ba ta fara ba.