Tayoyin Sanyin Dido Nestor

Kakana Nestor Prokopchuk, wanda mu jikoki muke ce wa Dido, manomin alkama ne a yammacin Manitoba. Da gwiwoyinsa suka fara ƙi, ya sayar da gonar ya dawo cikin gari, kusa da layin dogo. A nan ya sami sana'arsa ta ƙarshe, wadda ba wanda ya ɗauke shi, ba kuma wanda ke biyansa. Tun rasuwar kakarmu ya zama direban tsofaffin matan cocinmu. Ranar Juma'a ya bi gida-gida ya kwashe su zuwa zauren coci, inda suke naɗa pirogi na sayarwa, wato kwaɓin fulawa da ake cusa wa dankali a dafa. Lahadi ya kai su ibada. Mai ganin likita kuma ya kai ta babban gari, ya zauna a mota da jaridarsa har ta fito. Ladansa kwanon pirogi mai zafi da soyayyar albasa, sai faɗan da suke yi masa a hanya.

Maƙwabcinsa Walter Demchuk, wanda suka yi ƙuruciya tare, ba ya barin motar ta wuce bai ɗaga murya ba.

"Nestor! Yau ma an kwaso amaren? Kai kaɗai da zawarawa cike da mota, ka ji tsoron Allah ka rage mana ɗaya."

"Je ka sa haƙoranka tukuna," in ji Dido, "sannan ka zo a duba maganarka."

Stella Boychuk ce ke zama a gaba, wai saboda ciwon ƙafa. Takan sauke gilashi duk sanyin nan ta ce, "Walter, da in shiga taraktarka gara in tafi a ƙasa."

Shekarar da ya fara wannan jigila ce ya sayi tayoyin sanyi. Kafin nan bai yarda da su ba. A gona buhunan yashi yake lodawa a bayan a-kori-kura, ya ce ya gama shirin ƙanƙara. Amma ya ce ran da ka ɗauki uwar wani a mota, magana ta sake. Ya yi makonni yana bincike. Duk wanda ya tsaya shan mai sai ya sunkuya ya leƙa ƙafafun motarsa, ya tambaye shi yadda suke kama hanya. Daga ƙarshe ya tafi birni ya ce a ba shi waɗanda suka fi kowanne tsada a shagon, duka huɗu. Mutumin da ke wanke ledar burodi ya shanya don ya sake amfani da ita! Gari ya daɗe yana maganar.

To daga tsadar nan abin ya faro, ko da yake a lokacin ba wanda ya gani. Abin da Dido ya saya da tsada ba ya yarda ya ƙare. Mutane na ɗaura tayoyin sanyi tun Oktoba, shi kuwa sai ƙanƙara ta kwanta ta ƙi tashi. Mutane na barin nasu har Afrilu, shi da ya ga baƙar kwalta ta fara leƙowa a Maris ya ɗauko jak ya cire su. Ya ce busasshiyar kwalta ce ke cin taya. Yakan wanke su da ruwan ɗumi, ya jera su a rumfar bayan gida, ya lulluɓe da tsohon bargo. Kafin lulluɓi sai gwaji irin na garinmu: a cusa kwandalar nan mai hoton barewa cikin zanen taya, kai ƙasa. In hancin barewar ya ɓuya, taya na da sauran rai. Duk wanda tsautsayi ya sa ya bi ta ƙofar gidan a ranar sai an kira shi ya shaida. Shekara ta bi shekara, hancin bai taɓa fitowa ba.

Wata shekara, gab da shigowar sanyi, Gwaggo Lesia, ƙanwar babana, ta so ta canza su. Ita ce ke zaune kusa da shi, ita ke duba maganinsa da firjinsa.

"Baba, ana rangwame a birni. Bari in sayo maka sababbi. Waɗannan fa tun Daria ba ta shiga makaranta ba suke, ga ta nan tana neman gama sakandare."

Ni ce Daria. Ina zaune ina jin su.

Dido ya tambayi irinsu, ta faɗa masa. Ya yi dariya har da tari.

"Waɗannan? Araha ba ta ado, Lesia. Zo nan, sunkuya. Kin ga hancin?"

"Ban gani ba."

"To me kike so? Da tsohuwar zuma ake magani. Ki sayi takalmi da kuɗinki, na ƙafarki sun fi tayoyina suɗewa."

Ta duba, zane na nan da zurfinsa kamar jiya aka sayo. Ta bar maganar. Ko waye a gidanmu da haka zai yi.

Abin ya faru wata Juma'a cikin Janairu, da safe, gari garau, sanyi irin wanda ke manne gashin hanci. Ya ɗauko matan yana gangarowa mararrabar da ke gaban layin dogo, inda birkin motoci ke goge ƙanƙara har ta koma kamar madubi. Ba gudu yake ba, Dido bai taɓa gudu ba a rayuwarsa. Ya taka birki, mota ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta wuce alamar tsayawa, ta ratsa babban titi a karkace, ta faɗa ramin gefen hanya. Motar hatsi ta gama wucewa ke nan, har suna jin iskarta. Ba wanda ya mutu. Amma Stella ta kai hannu ta dafe gaban mota, wuyan hannun ya karye.

Walter ne ya zo da tarakta ya jawo motar. Ya ɗaura sarƙa, ya ja, ya kwance, bai ce uffan ba. Dido ya faɗa mini daga baya cewa shirun Walter ne ya nuna masa girman abin.

Ranar Lahadi aka zauna a teburin kicin ɗinsa, babana da Gwaggo Lesia da shi, ni ina gefe. Idon Gwaggo ya kumbura. Ɗan Stella ya yi ta bugo mata waya daga Winnipeg, kuma maganganun da ya faɗa ba masu daɗi ba ne.

"Baba, ka ga alamar kuwa?" in ji babana.

"Alamar da aka kafa a gabana? Na gan ta."

"Birki ka taka? Ka tabbata ba totur ba? Yana faruwa fa, ba abin kunya ba ne."

"Na fara tuƙi kafin uwarka ta san sunana. Birki na taka."

Babana ya tashi ya fita waje da kwandala. Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana hura hannuwa, ya ce hanci a ɓoye yake. Gwaggo ce ta ce a hankali, "Ko dai tayoyin ne? Sun daɗe fa."

Ƙofa ce ta buɗe wa Dido, da ya bi ta ya fita. Sai ya buga tebur.

"Tayoyina lafiyarsu lau!"

"To in ba su ba ne, Baba, mene ne?"

Na ga yadda ya juya tambayar a ransa. Yana da shekara saba'in da tara. Tsakanin ya ce shi ne ya tsufa da ya ce abin da ya yi shekaru yana wankewa yana lulluɓewa ne ya ci amanarsa, na farkon ya fi masa sauƙin haɗiya. Ya sa hannu a aljihu, ya ajiye makullin a tsakiyar tebur, ya tashi ya ɗora ruwan shayi.

Ba mugunta ce ta sa Gwaggo ta ɗauki makullin ba, tsoro ne. Ina so duk wanda zai karanta wannan a danginmu ya san haka.

Shekarar da ta biyo baya ba ta da labari mai yawa. Matan suka gwada haɗa jigila da 'ya'yan wannan da surukan wancan, abin bai ɗore ba, kowa da aikinsa. Hannun Stella ya warke a karkace, ba ta iya matse bakin pirogi. Da ya zama babu mai kai ta asibiti, ɗanta ya zo ya tattara ta zuwa Winnipeg, aka sa gidanta a kasuwa. Aikin Juma'a ya koma sau ɗaya a wata. Dido ya ja kujera bakin taga. Ya daina aske gemu kullum, sai Lahadi. Walter kan shigo da karta ya yi ta tsokanarsa, shi kuwa ya bar shi ya ci wasa, abin da bai taɓa yi ba.

Motar ta koma hannun Gwaggo, don tata ta fara ba ta wahala. Tayoyin kuwa Dido bai saki ragamarsu ba. Shi ya cire su a Maris, ya wanke, ya lulluɓe. Shi ya ce mata lokacin ɗaurawa ya yi.

Cikin Disamba Gwaggo ta fito daga wurin aiki da rana tsaka, tana tafiya kamar mai bin jana'iza, ta taka birki a gaban kantin magani. Mota ta zame ta rungumi turken fitila. Mace mai ƙarfinta, ido garau, ƙafa a kan birki. Ta ce ba tsoro ne ya fara zo mata ba. Fuskar ubanta ce a teburin kicin.

A gareji makanike ya danna farcensa a jikin tayar, farce bai shiga ba. Ya nuna mata shekarar da aka buga a gefe. Ya ce roba tsufa take ko an hau ta ko ba a hau ba, kuma in ta ƙandare a sanyi zurfin zane ba ya hana ta sulɓi. Ya faɗa ne kawai kamar yadda yake faɗa wa kowa, ya koma aikinsa.

Ta sa aka ɗaura sababbi huɗu, matsakaita, ba na ƙarya ba, ba na alfahari ba. Ta jefa tsohuwa ɗaya a but, ta biyo ta ɗauke ni, wai ba za ta iya shiga gidan ita kaɗai ba.

"Baba, fito ka ga wani abu."

Ya fito da silifas da babbar rigar sanyi. Ta buɗe but.

"Ba kai ba ne, Baba. Tayoyin ne. Ni ma sun zame da ni."

"Wa ya ce? Makanike? Kasuwarsa yake nema."

"Danna da kanka."

Ya danna babban yatsansa a tsohuwar. Ya sake dannawa. Ya ƙwanƙwasa ta da ƙashin yatsa, ta amsa kamar katako. Ya zagaya da kyar ya durƙusa gaban sabuwar, ya danna, robar ta lotsa ta dawo. Ya daɗe a durƙushe har na ji tsoron gwiwoyinsa.

"Ashe ajiya ma cin abu take," ya ce.

Gwaggo ta miƙa masa makulli tana kuka. "Ka yafe mini. Lasisinka bai mutu ba, na duba. Shiga ka ja."

Ya koma ciki ya sa takalmi, ya aske gemu, ya fito da hular zuwa coci. Walter na bakin shingensa yana kwashe ƙanƙara da shebur.

"A'a! Ango ya dawo bakin aiki! Mata ku ɓoye!"

"Kauce daga hanya, tsohon banza, kada in fara da kai," in ji Dido, kuma a karo na farko cikin shekara na ji muryarsa ta dā.

Gwaggo ta zauna gaba, ni a baya. Ya tayar da mota, ya fita da baya sumul. Tayoyin na kama hanya, ana jin su suna tauna ƙanƙara. Amma tun kafin ƙarshen layinmu na ga yana taka birki a kowace ƙofar gida, ba kowa, ba komai. Ya taka ya saki, ya taka ya saki, kamar mai gwada tsani. Wuyansa ya jiƙe da gumi. Da muka hau titin rumbun hatsi wata a-kori-kura ta ɓullo can nesa, nesa ƙwarai. Ya gangara gefe ya tsaya.

"Lesia, zo ki karɓa."

"Baba, a hankali. Shekara guda ce fa kawai, hannun zai dawo. Gobe mu sake fitowa."

"Hannu na nan. Ido ma na nan." Ya share fuska da hula. "Dā in na taka birki na san za ta tsaya. Yanzu roƙonta nake yi. Ba a ɗaukar uwar wani a kan roƙo."

Ya fita ya zagaya ta gaban mota yana dafa ta, ita ta zagaya ta baya. Ta mai da mu gida. Ta sake kawo masa makullin washegari, da makon da ya biyo, da kuma bazara bayan hanya ta bushe. Kowane karo sai ya ce ta ajiye, wata rana. Bai sake zama a bayan sitiyari ba har ya rasu, sanyi biyu bayan nan, a gadonsa.

Gwaggo Lesia ce ke kai sauran matan zauren coci yanzu, in aikinta ya bari. Har yau ba a ta da wannan maganar a gabanta.