Kujeru Biyun Farfesa Ku-Sauya

"Wallahi ba za su shigar mini falo ba!" in ji Mama. "Shekara talatin da huɗu kana koyarwa, abin da ka kwaso ke nan? Katako?"

"To, zauna a wannan ki kare kujerun," in ji Baba, "ni in zauna a waccan in kare falonki."

"Ka ji ka! Ni ba ɗalibarka ba ce, Farfesa."

Shekaranjiya ke nan, ranar da ya yi ritaya daga tsangayar shari'a. Ni ne autansa. A sakandare na tsaya, gyaran waya nake yi. Ba wanda ya sa ni wannan rubutu. Ban ma tabbata na san mutumin da nake yi wa jinjinar ba.

Kullum ƙarfe bakwai yana cikin aji. Ya goge allo da kansa, ya jawo kujeru biyu na katako gaban ɗalibai, ya sa su fuskanci juna. Ya karanto wata ƙara, ya kira mutum biyu: lauyan mai ƙara da lauyan wanda ake ƙara. Zai yi shiru har sai gardama ta yi zafi, jijiyar wuya ta miƙe. Sannan ya buga tebur.

"Ku sauya."

Kowa ya koma kujerar abokin hamayyarsa, ya rushe da bakinsa abin da ya gina yanzun nan. Shi ya sa suke ce masa Ku-Sauya.

Abokan aikinsa kowa da halinsa. Akwai Mai Jan Biro, wanda takarda ke fita daga hannunsa kamar an yi yanka a kanta. Akwai Yana Taro, da ba a taɓa samu a ofis ba. Akwai mai karanto tsofaffin takardu, har inda zai yi tari ɗalibai sun haddace. Da yawansu sun tafi manyan muƙamai, yanzu buɗe musu ƙofar mota ake yi. Shi kuwa sau biyu ana yi masa tayin alƙalanci, sau biyu yana cewa, "Alƙali kan kujera ɗaya yake zama." Mama ba ta yafe wannan ba har yau. Ni ban sani ba, tsoro ne ko gaskiya.

A taron sallamarsa wata mai shari'a, tsohuwar ɗalibarsa, ta tashi. Ta ce ranar da ya kira ta gaban aji, ƙarar wata mata ce da mai gida ya watso wa kaya waje. Ita kuma an taɓa yi wa mahaifiyarta haka. Tana tsaka da kare matar, sai ta ji an buga tebur. Ta ce, "Malam, ba zan iya ba." Ya ce, "To ajiye littafin ki tafi gida." Tana kuka ta kare mai gidan. Yau, in ji ta, ba ta yanke hukunci sai ta shiga ofis ta tashi daga kujerarta ta zauna a ta baƙi.

Wani lauya mai ƙaton tumbi ya karɓe: "Ni har gobe haushinsa nake ji. Sau biyu ya kayar da ni a jarrabawa. Amma ban taɓa shiga kotu an mamaye ni ba." Aka yi dariya. Baba bai yi ba.

Baba, kai ne wanda ba a cin gardama da shi, don kafin a gama ka koma bayan mutum. Kai ne na gaya wa ba zan karanta shari'a ba, na tsaya ina jiran mari, sai ka ce in zama kai, ka zama ni. Na kare burinka har na fara yarda da shi. Ka kare allon wayata da ƙaramin sukundireba har Mama ta ce, "Kai wai ɓangaren wa kake?" Da muka gama ka ce in tafi shagona. Shekara uku ke nan, ban san wanda ya ci ba. Wata rana ina ganin ka sake ni ne don ƙauna. Wata rana ina ganin hujjarka ce kawai ta fi tawa.

Duk da haka, ko jiya wani ya zo yana zagina kan waya, na tsinci kaina ina tunanin abin da zan faɗa da ni ne shi. Na ji haushi. Aikinka ne.

Na gode, Baba. Allah Ya saka, Ya ƙara lafiya. Ku kuma masu koyarwa, da masu yanke wa mutane hukunci a kotu ko a tsakar gida, ku riƙa tashi kuna ɗana ɗaya kujerar. Ba daɗi. Ku dai ɗana.

Abin da ya sa kujerun suka zo gida, an gyara ajin. An kafa dogayen bencina, an ɗaure su da ƙasa, ba mai motsa su. Jiya malamin da ya gaji darasin ya zo gaisuwa. Shi ma tsohon ɗalibinsa ne. Baba ya nuna masa kujerun a baranda, ya ce, "Ga su nan, in kana so."

Ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ɗalibai ɗari huɗu ne yanzu. Ga lokaci ba ya isa."

Ban taɓa ganin Baba ya rasa hujja ba sai jiya. Bai ce a sauya ba.

Da baƙon ya tafi, Mama ta fito da tsumma. Ita da ta rantse. Ta goge ta farko, ta goge ta biyu, ta ja su zuwa ƙofar falo. Ta dubi Baba, ta dube ni.

"To, yanzu wa zai zauna a kansu?"