Yadda Aka Ɗauke Sikeli Daga Ƙauyen Mahaifiyata

Na daɗe ina jinkirin aiko muku da wannan labari, ina rubutawa ina yagewa. A shekarun hamsin, lokacin da aka fara zaɓe a ƙasar nan, ni saurayi ne da bai daɗe da gama kwaleji ba, na farko a danginmu da ya yi karatu mai nisa haka. Na samu aikin akawu a wani kamfanin Turawa mai sayen riɗi, kusa da tashar jirgin ƙasa a Lafiya. Ni mutum ne mai tsoron kuskure, ko gajeriyar wasiƙa na buga sai na karanta ta sau uku kafin in miƙa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kawuna, wan mahaifiyata, shi ya riƙa sayar da doya da awaki har na gama karatu. Ƙauyensu tafiyar yini guda ce a ƙafa, amma duk kaka kamfani kan kai musu sikeli har gida, mota ta je ta kwaso riɗin.

Mutum biyu ne suka nemi kujerar majalisa a yankinmu. Ɗaya dillalin kamfaninmu ne. Da idona na ga ana loda masa dilolin atamfa da buhunan gishiri daga sito, aka ba shi babbar mota da lasifika, aka ɗauki makaɗa suna bin sa ƙauye-ƙauye. Ɗayan tsohon malamin makaranta ne mai keke, maganarsa guda ce, wai majalisa ta riƙa turo mai duba sikelin kamfani, domin manoma suna zargi. Ba zan ce sikelin yana cuta ba, tunda ban taɓa gwada shi ba. Abin da na sani kawai shi ne manaja ba ya son a duba. A wajenmu kuwa lokacin babu akwatin zaɓe, kowa zai je ya tsaya a layi ne bayan wanda yake so, a fili, a ƙirga.

Ana jibi zaɓe babban akawu ya kira ni. Baƙo ne daga can bakin teku, Hausarsa ta kasuwa ce kawai. Ya ce manaja yana so in raka shi, shi babban akawun, filin zaɓe, in riƙa gaya masa daga ina mutane suka fito, tunda ni ɗan ƙasa ne, ina gane su ta tsagar fuska da karin harshe. Na tambaye shi amfanin haka. Ya yi dariya, ya ce ɗan kwaleji ba ya rabuwa da tambaya, kamfani yana son sanin abokan cinikinsa ne kawai. Da na juya zan fita sai ya ƙara da cewa masu neman kujerata suna da yawa. Na lallashi kaina da cewa faɗin garin mutum ba laifi ba ne, ai ko wajen gaisuwa shi muke fara tambaya.

Ranar zaɓe da hantsi fili ya cika. Layin dillali dogo ne, mutane sanye da sabuwar atamfa iri ɗaya. Da na dubi layin malamin sai na ga kawuna a kusa da gaba, ya dogara da sandarsa, bayansa kuma kusan duk magidantan ƙauyen, wasu ma da atamfar kamfanin a kafaɗa. Babban akawu ya taɓo ni ya tambaya ko su wane ne waɗannan. Da zan iya cewa ban sani ba, amma tsagar da ke fuskokinsu ita ce a fuskar mahaifiyata, kuma ina tsoron a kama ni da ƙarya. Na faɗi sunan ƙauyen. Ya nuna tsohon da ke gaba, na ce sarkin nomansu ne, ban ce kawuna ba ne. Daidai lokacin kawu ya hango ni, ya ɗaga sanda yana murna, ya kira ni da sunan da ake kirana a gida, yana tambaya da yarenmu ko na karya kumallo. Na kawar da fuska kamar ba da ni yake ba.

Dillali ya ci. Da kaka ta yi, ba a kai sikeli ƙauyen ba, aka ce wai hanya ta lalace, alhali ita ce hanyar da motar lasifika ta bi. Ni na buga sanarwar da hannuna. Mutanen suka koma ɗauko riɗi a ka har Lafiya, in sun iso a bar su a ƙarshen layi, wani lokaci a ce riɗinsu da yashi. Wanda aka zaɓa bai taɓa tayar da zancen sikeli a majalisa ba, gwargwadon abin da na ji. Ni kuwa tsoro ya saka ni a tsakiya. In kamfani ya gane tsohon nan kawuna ne, na rasa aiki. In ƙauye ya gane ni na nuna su, ban san da wane ido mahaifiyata za ta shiga kasuwa ba. Na daina zuwa gida, na rame har ana tambayata ko ciwon shawara ne ya kama ni.

Wata rana da azahar na leƙa taga na ga kawu zaune a gindin mangwaro, buhu a gefensa, ƙafafunsa sun kumbura. Na fita ina waige-waige. Ya kwance wani tsumma ya miƙo mini gasasshiyar doya, ya ce uwata ce ta aiko, wai ta ji an ce ba na cin abinci. Na fara kame-kame, ina cewa watakila akwai abin da ya kamata ya sani. Ya tsayar da ni, ya ce ya sani tun ranar, ya ga leɓena yana motsi a kunnen mutumin. Ya ce su ba su tsaya a rana don su ɓuya ba, da shi aka tambaya da kansa zai faɗi garinsu har da sunan ubansa, buhu kuma tun ban zo duniya ba yake ɗauka. Abin da ya tsaya masa a rai, in ji shi, shi ne ya kira ɗan ƙanwarsa a gaban jama'a, yaron ya juya masa ƙeya.

Da ma in ce na ajiye aikin a ranar, amma ban yi ba, sai da na ƙara kaka biyu saboda tsoro. Har kawu ya rasu sikelin bai koma ba. Ba ni da ilimin da zan yanke wa kowa hukunci, mai yiwuwa ko ban faɗa ba wani zai faɗa. Amma na fahimci cewa kamfanin da ya ba ɗan takara mota da atamfa ba kyauta ya yi ba, kujerar ya saya, kuma wanda ya hau ta ba zai ƙara jin muryar manomi ba. Na kuma fahimci cewa baƙo mai kuɗi ba zai iya gane mu a cikin taro ba sai da ɗan gida a gefensa. Ina roƙon matasa masu karatu, in aka kira ku a ce ku nuna kawai, ku tsaya ku tambayi abin da za a yi da mutanen. In kuwa naku ya ɗaga hannu ya kira ku, ku amsa masa da ƙarfi, ko wane ne ke tsaye kusa da ku.