Matar Da Ta Hana A Ce "Da Sauƙi"

Kafin a buɗe ɗakin tantancewa, Anti ta riga ta zagaye masu jira. Mutane take dubawa: wanda aka yi wa aski jiya, wanda aka cusa cikin riga mai karin guga, wadda aka fesa wa turare don a ɓoye kwanakin da ta yi ba wanka. In ta ga haka sai ranta ya ɓaci, don ta san yadda za a ƙare. Ma'aikaciyar jinya ce a gidan kula da manya masu ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani, aikinta shirya iyalai kafin su shiga gaban kwamitin da ke raba gadaje. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma ko ruwan sanyi ba wanda ya shirya ba ta.

Wanda ya tsara ƙa'idar shiga gidan nan, na rantse bai taɓa jinyar kowa ba. Sai ciwonka ya fi ƙarfin gida, amma kada ya kai ka fasa musu taga. Sai ka yarda da bakinka, kai da ciwon ya hana ka yarda ba ka da lafiya. Duk wannan a zaman da bai kai na shan shayi ba ake yanke shi. Likita ya ɗago kai ya ce, "Yaya jiki?" Mu kuwa ko rai na fita amsarmu ɗaya ce: "Da sauƙi." Shi ke nan, yana samun sauƙi, a koma gida, na gaba ya shigo. Kalmar da Anti ta ƙare ƙarfinta tana yaƙa ke nan, har masu shara suka laƙaba mata Ba-Sauƙi.

Mai gadi ne ya ba ni labarin wata mai ɗinki da ƙanenta da suke kira Auta. An sha mayar da su gida. Ranar ma ta kawo shi tsaf, kamar mai zuwa neman aiki. Anti ta ja ta gefe.

"'Yata, wa ya goge masa rigar nan?"

"Ni ce, Anti. In kawo shi kamar marar gata?"

"Ai marar gatan ake ba gado. Me ya sami hannunki?"

Ta ja mayafi ta rufe. "Ƙofa ce ta datse ni."

"Ƙofar gidanku haƙora gare ta?"

Sai hawaye. "Anti, ni na goya shi. A gabansa zan tona masa asiri?"

"A gabansa, don ba sa karɓar abin da aka faɗa a bayansa. Ki rufa masa yau, ranar da ya kwantar da ke wa zai riƙe shi? Titi?"

Anti ba ta ji daɗin faɗin haka ba. Ta san abin da take nema ya fi cizon zafi. Amma ta ga inda waɗanda aka sallama da ladabinsu suke ƙarewa, ta ga wasunsu a bakin kwata suna tsince-tsince.

Suka shiga, Anti na tsaye a bakin ƙofa. Likita ya yi tambayarsa. Bakin mai ɗinki har ya kama hanya, "Da..." sai ta haɗiye. "Babu sauƙi, likita." Ta kwance komai. Yadda ya yayyanka yadunan mutane saboda wai ana magana a cikinsu, har ta rufe shago. Yadda take ɓoye almakashi a tukunya. Yadda ya cije ta da ta riƙe shi zai faɗa gaban mota. Ta ɗaga hannun kowa ya gani.

Auta ya daɗe yana kallon shatin haƙoransa. "Yaya, ni kike yi wa haka a gaban mutane?" Ya juya ga likita ya ce, "In haka nake, ku ajiye ni."

Aka ba shi gado. Da shugaban gidan ya kira Anti wai tana koya wa mutane ƙara gishiri, ta ce, "Ranka ya daɗe, gishirin da suke ragewa nake hana su." Ya ba ta gargaɗi, ta karɓa ta koma bakin aikinta.

Kada ku ɗauka godiya ta biyo baya. Auta yana shan magani, yana barci, har ya yi kumatu, amma ya ƙi ganin yayarsa. Ita kuma ta tari Anti ta ce, "Kin samo masa gado, kin raba ni da ƙanena." Anti ba ta kare kanta ba. Duk ranar ziyara sai ta zo ta zauna kusa da mai ɗinki a ƙofar ɗakin baƙi, har a tashi.

Ke ce, Anti, kika yarda a tsane ki don wani ya sami wurin kwana. Ke ce kika ɗauki nauyin ƙa'idar da ba ke kika rubuta ba. Mun gode, uwar marasa baki, Allah ya saka miki, tunda mu mun gaza. Ku kuma masu kwamiti, ku ji kunya, ku koyi tambaya ta biyu, kada sai mace ta tsiraita ɗan'uwanta kafin ku gaskata ta. Sauranmu kuwa, ranar ziyara na tafe, kafin nan Anti ta ajiye aiki. Mai ɗinki za ta zo da wankakkun kayansa a leda, kuma har yau Auta bai fito ya gan ta ba. Don Allah wani ya je ya zauna kusa da ita.